Filashin Kawu

A ofishinmu babu mai ce wa kawuna mai gyara. Likita ake ce masa. Kwamfuta ta ƙi tashi, a kira Likita. Firinta ta haɗiye takarda, a kira Likita. Ko fanka ce ta fara kuka shi ake nema, shi kuma bai taɓa cewa wannan ba aikinsa ba ne. Zai hawo bene da tsohuwar jakarsa wadda hannunta ya tsinke ya ɗaure da waya, ya ja kujera gaban injin da ya ƙi aiki, ya gyara zaman tabarau, ya ce, "To, ke kuma me ke damun ki yau?" Sai ka rantse injin zai amsa.

Kamfaninmu na zanen gine-gine ne, kuma Kawu ya riga kowa zuwa. Tun Maigida, wato mai kamfanin, yana ɗaki guda da tafireta ɗaya, Kawu ke gyara masa ita. Da tafireta ta wuce aka koma kwamfuta, Kawu ya bi sahu, ya koya da kansa a bakin shagunan abokan sana'a. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa ba ya kira na sai da Uwata. Shi ya kamo hannuna ya kawo ni gaban Maigida lokacin da na gama makaranta ina zaune a gida ina ƙirga ƙudaje. Yanzu ni ce mai kula da ofis. Makullai a hannuna suke, takardu a hannuna, kuma a rubuce har kwamfutocin ma a ƙarƙashina suke, ni da ban san komai a kansu ba bayan kunnawa da kashewa.

Kawu yana da wani filash da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Maigida ba ya sayen kwamfuta sai fanko, wadda babu komai a cikinta, don ta fi arha. Kawu ne zai soka filashin nan ya zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda in babu ita kwamfuta akwati ce kawai. Bayan wasu watanni sai wani ɗan rubutu dishi-dishi ya fito a kusurwar allo, can ƙasa ta hannun dama. Kawu ya raɗa masa suna ƙurji. In ya fito a kwamfutar wani, sai mutum ya ce, "Likita, ƙurjina ya dawo." Kawu ya soka filash, wata baƙar taga ta buɗe, ya danna nan ya danna can, rubutu ya ɓace. Mu kuwa har tafi muke masa, ni kuma in haɗa masa shayi. Dogo, babban mai zanenmu, in nasa ya fito kafin Kawu ya zo, hoton 'yarsa yake mannawa a wurin don kada ya riƙa ɗauke masa hankali.

Ana nan ana nan, wata babbar hukuma ta nemi ba mu kwangilar zanen makarantu, irin aikin da Maigida ya daɗe yana mafarkinsa. Amma suna da sharaɗi. Kafin su miƙa takardunsu ga kowane kamfani, sai sun turo mai bincike ya duba kwamfutocinsa, ya tabbatar kowacce tana da lasisin manhajar da ke cikinta.

Maigida ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa.

"Kin san mota ba ta hawa titi sai da takardunta?" in ji shi. "To haka kwamfuta take. Kowacce da lasisinta. Namu babu mai shi ko ɗaya. Rubutun nan da kuke kira ƙurji, abin da yake faɗa ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to abin da Kawu yake yi fa?"

"Rufe mata baki yake yi." Ya kau da ido ya shiga gyara takardun da ba su nemi gyara ba. "Na yi odar lasisin, amma ba zai iso kafin su zo ba. An tabbatar mini in suka same mu a haka, muka ce muna kan gyarawa, za su ba mu lokaci. In kuwa suka ga da gangan muke ɓoye abin, kwangila ta tafi. Don haka kada wanda ya sake taɓa rubutun nan. Kuma Likita kada ya tako nan ranar. Ki faɗa masa, ke ce tasa."

"In ce masa me?"

"Gaskiya mana."

Ji shi fa! Gaskiya mana, kamar ya aike ni sayen ashana. Shi da ya sani tun fil azal, wallahi ya sani, arha ce ta yi masa daɗi ya ja bakinsa ya yi shiru. Yanzu da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ni ce zan je in faɗa wa tsoho.

Na koma teburina na ɗauki waya na shiga karanta abin da ake cewa a kan irin wannan aiki. Duk inda na buɗe kalma ɗaya nake cin karo da ita: sata. Kawu fa mutum ne da in ya gama gyara ya ga ƙusa ɗaya ta ragu, sai ya naɗe ta a takarda ya kawo mini ya ce kayan kamfani ne. Ko biron ofis bai taɓa sakawa a aljihu ba. Daga wannan rana ban damu da kwangila ba, ta zo ko ta tafi. Tsorona ɗaya ne, kada a tsayar da Kawu a gaban mutane a kira aikin hannunsa sata.

Ranar hutu da hantsi na je gidansa da niyyar in faɗa masa. Na same shi a ƙofar ɗaki ya baje rediyon maƙwabci a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi ƙafarsa da ke masa ciwo. Na tambayi yara. Na sake tambayar ƙafar.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Uwata, ƙafar nan dai guda biyu ce, kuma kin gaishe su duka. Lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Dama maganar ƙurjin nan ne..."

"Ya dawo a taki? Haba, shi ne kika taso tun daga gida? Bari in na shigo." Ya yi dariya, ya shafa filashin da ke ƙirjinsa. "Kin ga ɗan abin nan? Shi ya riƙe kamfaninku. Yaran yanzu da takardun makarantarsu, in inji ya yi tari sai su ce a sayi sabo. Ni kuwa ban taɓa bari Maigida ya yi asara ba. Amana ce, Uwata. Mutum ya yarda da kai ya sakar maka kayansa, ai sai ka riƙe."

To ku faɗa mini, ta ina zan fara? Mutum yana maganar amana, fuskarsa tana haske, ni kuma in buɗe baki in ce Kawu, amanar nan taka sunanta kaza? Na sha ruwan da aka kawo mini, na yaba gyaran rediyo, na yi sallama na fito da maganata a ciki yadda na shiga da ita.

A hanya ne dabara ta zo mini, kuma a lokacin har yaba wa kaina na yi. Ina da ƙawa mai shagon buga takardu a can ƙarshen gari, inda sai an sauya mota kafin a kai. Na kira ta na ce ranar binciken da sassafe ta kira Kawu ta ce firintarta ta mutu. Ta ce ai firintar lafiyarta ƙalau. Na ce to ki sa mata ciwo, ki zare wani abu, ki riƙe mini shi har la'asar, ko da hira ce. Na ce a raina in baƙi sun tafi, lasisi ya iso, sai a hankali in ce wa Kawu yanzu an daina amfani da filash, zamani ya canza. Ba wanda zai ji kunya.

Ranar ta zo. Mai binciken mace ce, ba za ta girme ni ba, ga ladabi, ga magana a hankali. Ta ƙi shayi, ta karɓi ruwa. Muka fara bi tebur-tebur, tana zama gaban kowace kwamfuta, ta buɗe wani wuri ta duba, ta rubuta a tata kwamfutar da ta zo da ita. Ni kuma ina tsaye a bayanta ina rera karatun da Maigida ya biya mini: haka muka same su, mun gano kuskurenmu, lasisi yana hanya. Tana gyaɗa kai. Ta ce ba mu ne na farko ba, kuma abin da hukumarsu ke gudu shi ne manhajar da ba ta da lasisi ba a san me aka cusa a cikinta ba, takardun mutane suna iya zurarewa ta nan. Maigida yana biye da mu yana "Ƙwarai kuwa, ƙwarai kuwa," kamar shi ya fara gano haka a duniya.

Muka iso teburin Dogo. Ta nuna hoton 'yarsa ta ce, "Tubarkalla. Za ka ɗan ɗaga mini ita?" Dogo ya ɓare hoton yana murmushin yaƙe, rubutun ya bayyana. Har ita sai da ta yi dariya. Na ce a raina alhamdu lillahi, mun kusa tsallakewa.

Sai na ji murya a matakala tana gaida mai gadi.

Kawu ne. Ya sha babbar rigarsa ta zuwa taro, gumi yana bin wuyansa, jaka a hannu. Ashe da ya isa shagon ƙawata, kallo ɗaya ya yi wa firintar ya ga waya ce aka zare a baya, ya mayar. Ita kuma sarauniyar surutu, garin neman hirar da za ta riƙe shi, ta ce ai yau a ofishinmu akwai manyan baƙi masu duba kwamfutoci. Shi ne ya biya gida ya sauya riga, ya kamo hanya.

Ya nufo ni yana magana wai a hankali, irin a hankalin Kawu da ake ji har bakin titi.

"Uwata, baƙi za su zo duba injinanmu ba ki faɗa mini ba? Ki bar su su same su duk ƙuraje? Ai wannan abin kunya ne gare ki, ke ce mai kula da wurin."

Kun ji fa. Kunyata ya zo rufewa.

Kafin in haɗa kalma biyu ya hango baƙuwar zaune gaban kwamfutar Dogo, idonta a kan rubutun. Ya ƙarasa da fara'arsa.

"Sannu da aiki, 'yata. Wannan ne ya ɗaure miki kai? Ƙaramin abu ne. Ɗan matsa mini."

Ita kuwa ganin dattijo, sai ta miƙe ta ba shi kujera. Na ce "Kawu," amma ni kaina ban ji muryata ba. Maigida ya kama tarin ƙarya. Dogo ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar ranar ya fara ganinsa. Duk cikarmu a ɗakin nan babu wanda ya iya cewa dattijo tsaya. Kawu ya ciro filash daga wuya, ya soka, baƙar tagar ta buɗe. Kuma bai yi abin a ɓoye ba, a'a, koya mata yake yi. "Kin ga, nan za ki fara dannawa. Sai ki jira ya gama karatunsa, kada ki yi gaggawa. Sai nan. To, duba kusurwar."

Rubutu ya ɓace. Kawu ya jingina da kujera ya waiwayo yana jiran tafin da ya saba ji. Ba abin da ke motsi a ɗakin sai fanka. Ni dai na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Mai binciken ta ce, "Baba, duk kwamfutocin nan haka kake yi musu?"

"Duka! Tun daga ta farko. Har ta gidan Maigida ni nake yi wa."

"Wa yake sa ka?"

Caraf Maigida ya cafe. "Ai shi ba ma'aikacinmu ba ne. Daga waje yake zuwa, in abu ya lalace. Mu ba mu san irin abin da yake sakawa ba."

Kai! Mutum dai ba shi da kunya in ya ga kwangila za ta kuɓuce. Kawu ya juya ya dube shi, ba da fushi ba, da mamaki, irin kallon da za ka yi wa ɗanka in ya wuce ka a hanya bai gaishe ka ba. Sannan murmushin ya fara barin fuskarsa. Ya gane akwai abin da kowa ya sani a ɗakin nan ban da shi.

Ya ce, "'Yata, wani abu na ɓata ne?"

Ta ja wata kujera ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya. Wallahi da ta yi masa tsawa da ya fi mini sauƙi. Ta ce rubutun nan ba ciwo ba ne. Masu manhajar ne ke sanarwa cewa ba a sayi izinin amfani da ita a wannan kwamfutar ba. Abin da ke cikin filashinsa kuma yaudarar injin yake yi, ya sa shi ya ce an saya alhali ba a saya ba.

Kawu ya girgiza kai. "A'a, tsaya. Injin nan namu ne, a gabana aka sauke shi daga mota. In na gyara abin da ke cikin kayanmu, na wa na taɓa?"

"Ƙarfen naku ne, Baba. Abin da ke tafiyar da shi aikin wasu ne, kuma sayarwa suke yi, kowane inji da nasa."

Kawu ya juya maganar a ransa. Ina kallon hannunsa a kan gwiwa, yatsun suna motsi kamar yana kwance wani abu.

"Wato kamar mai jan wuta ta bayan mita," in ji shi a hankali.

Ni kuwa na san abin da wannan yake nufi a wurinsa, don Kawu ya taɓa daina gaisawa da maƙwabcinsa a kan jan wuta ta bayan mita.

Ya dubi baƙuwar ya ce, "Me kuke kiran wannan a aikinku?"

"Muna cewa rashin bin ƙa'idar lasisi, Baba."

"Wannan maganar ofis ce. Ni ban yi zurfi a boko ba." Ya juyo da kujerar gaba ɗaya ya fuskance ni. "Uwata, ke ba kya yi mini ƙarya. Faɗa mini da bakin da zan gane. Abin da nake yi a ofishin nan, mene ne sunansa?"

Na dubi Maigida, ya sunkuyar da kai. Na dubi baƙuwar, tana kallon hannunta. Abin da na yi ta guje wa ke nan, na yi ƙarya a kansa, na sa ƙawata ta yi, na tura tsoho ƙarshen gari da ciwon ƙafa, duk don kada wani ya furta kalmar nan a gabansa. Kuma babu wanda ya furta. Ni aka bar wa.

"Sata ce, Kawu."

Ban san muryata za ta fita da ƙarfi haka ba. Har akantanmu mai lissafin kuɗi da ke can ƙurya ya ji.

Kawu ya gyaɗa kai sau da yawa, kamar an faɗa masa farashin kaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Dama kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in zo gidanka."

"Ranar da kika zauna kina ta gaida ƙafata?"

"Eh, Kawu."

"Ni kuma ina ta cika miki baki." Ya gyara zaman tabarau. "Firintar ƙawarki fa? Wayar nan ba da kanta ta zare ba, ko?"

Hawayena ne suka amsa, a gaban baƙuwa, a gaban Dogo, a gaban kowa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba kunyar Kawu nake ji ba, kunyar kaina ce.

Ya dafa tebur ya miƙe, ƙafar tana ba shi wahala. Ya juya wurin mai binciken ya ce, "'Yata, ki yafe mini taɓa injin da kike aiki a kai. Abin da za ki rubuta, ki rubuta cewa ni ne. Hannuna ne ya yi, tun daga ta farko. Yarinyar nan ba ta san ko inda ake soka abin ba, kada a taɓa mata aikinta."

Ta ce, "Zan rubuta abin da na gani, Baba, har da cewa ba ka sani ba."

"Rashin sani ba ya mayar wa mai kaya kayansa," in ji shi.

Ya ɗauki jakarsa. Na yi sauri na kama hannun jakar don in raka shi ƙasa, ya riƙe bai sakar mini ba. Muka tsaya a bakin ƙofa, ni da gefe ɗaya shi da ɗaya. A nan ne ya yi magana a hankali na gaske, yadda babu wanda ya ji sai ni.

"Da a gida kika faɗa mini, Uwata. Da na yi fushi, na yi miki faɗa, ƙila ma in kore ki. Amma da daga ni sai ke."

Na saki jakar. Ya dafa bango ya fara sauka, mataki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma baƙuwa tana jira na, don akwai sauran kwamfutocin da ba a duba ba.